Larabawa da Larabci a Littattafan Yahudawa da Kirista: Tambayoyi da Amsoshi

Shin an ambaci Larabawa da sunansu a cikin waɗannan littattafai?

An ambace su, kuma ba sau ɗaya ba. Kalmar tana nan a Ibrananci, harshen da aka rubuta mafi yawan Tsohon Alkawari da shi. Littafin Ishaya 13:20, da yake faɗin yadda Babila za ta zama kufai, ya ce ko Balarabe ba zai kafa tantinsa a can ba. Ezekiyel 27:21 ya lissafa Larabawa cikin abokan cinikin birnin Taya, suna kawo 'yan tumaki da raguna da awaki. A Littafin Tarihi na Biyu 17:11 an ce sun kai wa Sarki Yehoshafat na Yahuza gaisuwar raguna 7,700 da bunsuraye 7,700. Gaba kaɗan, a 21:16, sai ga su sun ɗauko yaƙi a kan ɗansa Yehoram.

Wannan shi ne zaman makwabta: yau ciniki, gobe gaisuwa, jibi rigimar iyaka. A lokacin kalmar ta fi nufin mutanen hamada masu raƙuma da tantuna da ke gabas da kudancin ƙasar Yahuza. Duwatsun Assuriya ma sun yi shaida. A rubutun Sarki Shalmaneser na Uku game da yaƙin Ƙarƙar na shekara ta 853 kafin haihuwar Annabi Isa, an ambaci wani Gindibu Balarabe da ya zo da raƙuma 1,000, a sahu ɗaya da Ahab sarkin Isra'ila.

To, a nan ne aka ce Larabawa zuriyar Annabi Isma'ila ne?

A nan ake bukatar natsuwa, domin mutane da yawa kan sa wa littafin Farawa, littafi na farko a Attaura, maganar da bai yi ba. Farawa ya ba da labarin Hajara da ɗanta a sura ta 16 da ta 21. A 17:20 Allah ya yi wa Ibrahim alkawarin zai sa wa Isma'ila albarka, ya haifi sarakuna 12, ya zama babbar al'umma. Sura ta 25 ta jero sunayen 'ya'yan nan 12, ta ce ya rayu shekara 137. Amma kalmar Balarabe ba ta fito a Farawa ba ko sau ɗaya.

Sunayen 'ya'yan ne ke nuna hanya. Akwai Kedar, akwai Duma, akwai Tema. Tema ita ce Taima da ke arewacin Saudiyya yau, zangon da Nabonidus sarkin Babila ya zauna kusan shekara 10. Duma ana danganta ta da Dumatul Jandal a yankin Jauf. Kedar kuwa ƙabila ce mai ƙarfi, wadda rubuce-rubucen Assuriya suka kira sarakunanta sarakunan Larabawa. Annabawa sun san Kedar sarai: baƙaƙen tantunansu sun shiga Waƙar Waƙoƙi 1:5, maharbansu suna Ishaya 21:17, garkunan tumakinsu kuma Ishaya 60:7 ya ce za a karɓe su a bagaden Allah. Wannan aya ta ƙarshe tana taɓa ni, domin ta sa 'ya'yan Isma'ila cikin masu ibadar da aka karɓa.

Marubutan Yahudawa na baya ne suka faɗi dangantakar ƙarara. Josephus, masanin tarihin da ya rayu a ƙarni na farko, ya kira Isma'ila kakan Larabawa, fiye da shekara 500 kafin zuwan Musulunci. Saboda haka wanda ya ce Musulmi ne suka ƙago wannan nasaba bai bincika ba.

Ba kuma ta Isma'ila kaɗai aka bi ba. Farawa 10 ya kawo zuriyar Yoktan, cikinsu har da Sheba da Hazarmawet, sunan da ya yi daidai da Hadaramaut ta Yaman. Malaman nasaba na Larabawa sun haɗa Yoktan da Ƙahɗan, kakan Larabawan kudu.

Akwai wani Balarabe da aka ambaci sunansa, wanda tarihi ya tabbatar da shi?

Akwai Geshem. Da Nehemiya ya zo sake gina ganuwar Urushalima a zamanin mulkin Farisa, mutum uku suka tsaya masa a wuya, ɗayansu Geshem Balarabe, wanda a Littafin Nehemiya 6:6 aka rubuta sunansa Gashmu. Sai ga shi an tono wata tasar azurfa a Tell el-Maskhuta da ke gabashin Masar, da rubutu a jikinta cewa hadaya ce daga Ƙainu ɗan Gashmu, sarkin Kedar. Masana da yawa na ganin shi ne Geshem ɗin. Ashe wanda Nehemiya ya yi ja-in-ja da shi babban mai mulki ne, ikon gidansa ya kai bakin Masar.

A Sabon Alkawari fa?

Ayyukan Manzanni 2:11 ya sa Larabawa cikin taron da ya hallara a Urushalima ranar idin Fentikos, inda aka ce kowa ya ji ana faɗin manyan ayyukan Allah da harshensa. Bulus, ɗaya daga cikin manzannin Kirista na farko, ya faɗa a wasiƙarsa ga Galatiyawa 1:17 cewa bayan tubansa Arabiya ya nufa kafin ya koma Dimashƙa. Yawancin masana na ɗauka masarautar Nabatawa yake nufi, mai hedkwata a Petra ta ƙasar Jodan. Dalili kuwa, a wasiƙarsa ta biyu ga Korintiyawa 11:32-33 ya ce hakimin Sarki Aretas ya sa a tsare ƙofofin Dimashƙa don a kama shi, har aka zurara shi cikin kwando ta tagar ganuwa. Aretas ɗin nan shi ne Harisa na Huɗu, sarkin Nabatawa, wanda ya yi mulki daga shekara ta 9 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa ta 40 bayanta.

An rubuta wani sashe da Larabci?

A'a. Ibrananci ne, sai Aramiyanci a wasu sassan Daniyel da Ezra, sai Helenanci, wato harshen Girka, a Sabon Alkawari. Kamannin suna kan sa wasu su ɗauki Aramiyanci a matsayin Larabci, alhali harsuna biyu ne daban, ko da yake gidansu ɗaya da Ibrananci.

Bahaushe ba ya shan wahalar jin wannan zumunta, saboda kalmomin da muka aro daga Larabci. Inda muke cewa salama, Ibrananci na da shalom. Ruhu shi ne ruwah, annabi nabi, mala'ika malak, ranar Asabar kuma 'yar'uwar Shabbat ce. Littafin Ayuba cike yake da kalmomin da ba a samun su a wani wuri, malamai kuma sun daɗe suna komawa ga Larabci don warware su. Wajen ƙarni na 10 wani malamin Bayahude daga Tahart ta Aljeriya, Yahuda ɗan Ƙuraish, ya rubuta wa Yahudawan Fas wasiƙa yana nuna musu yadda harsunan uku ke fassara juna.

Yaushe littattafan suka shiga Larabci?

Da wuri. A gidan ibadar Katarina da ke Dutsen Sina'i akwai kundin wasiƙun Bulus da Bishr ɗan Sirri ya fassara a Dimashƙa a shekara ta 867. Sa'adiya Gaon, malamin Yahudawa haifaffen Fayyum ta Masar wanda ya rasu a 942, ya fassara Attaura zuwa Larabci ya kira aikin Tafsir, Yahudawan Yaman kuma suka riƙe shi a karatunsu tsawon ƙarnuka. Fassarar da ta fi yaɗuwa a majami'un Masar da Sham yau ita ce ta Van Dyck, ɗan mishan Ba'amurke, wadda aka kammala a Beirut a 1865. Cikin waɗanda suka yi aikin har da Butrus al-Bustani da Nasif al-Yaziji, da wani malamin Musulmi da ya yi karatu a Azhar, Shaihu Yusuf al-Asir, wanda ya gyara Larabcin. Sa'adiya da masu fassarar Beirut duk da sunan Allah suka yi amfani, shi ne kuma sunan da ke cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito cikakke a 1932.