Koyon sana'a a hannun maigida a Sakkwato

Koyon sana'a a hannun maigida ita ce hanyar da galibin masu aikin hannu a Sakkwato ke bi kafin su buɗe wurin kansu. Uba ko wani babba a gida yakan kai yaro wurin gwani ya ce masa "ga amana". A sana'o'in gado irin su ƙira, jima da dukanci, mai koyarwar yakan zama uba ko baffa. A kanikanci, walda da ɗinki kuwa sau da yawa bare ne, yara na kiransa oga.

Kallo ne farkon karatun. A Maƙerar Assada, unguwar maƙera a Sakkwato, sabon yaro kan daɗe yana zuga, idonsa na kan ƙarfe yana sauya launi a wuta, kafin a miƙa masa masaba. Ɗan majemi kuma da ɗebo ruwa da dakan bagaruwa yake farawa. Bayani kaɗan ne, gyara ya fi yawa: "ba haka ba, kawo ka gani."

Nan masu gida suke bambanta. Wani yana aiki yana faɗin dalili, ya nuna wa yaro abin da ke sa fata ta bushe ƙandas idan jima bai kama ta ba, ya ba shi guntayen fata ya ɓata har hannunsa ya faɗa. Wani kuwa sai yaro ya shekara yana aike da shara. Akwai uzuri a ciki, domin fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda a da ta can ayari ke fitar da ita, ba abin wasa ba ce a hannun ɗan koyo. Amma akwai kuma rowar sani: haɗin rinin karan dafi, ko dabarar gano ciwon inji da kunne, wasu ba sa sakin su sai ga 'ya'yansu.

Gwamnatin tarayya ta shigo harkar da asusun horar da ma'aikatan masana'antu (ITF) a 1971, sannan hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa (NDE) a 1986, wadda ke tura matasa shagunan masu gida su koyi aiki. Ma'aikatar ƙwadago kuma na yin jarabawar sana'a mai matakai uku. Duk da haka, a shiyoyin gari maigida ne ke yanke ranar yaye, inda ake taruwa a yi addu'a, wani lokaci a haɗa wa yaron kayan aiki.