Allon salula mai ninkewa: me ke kwance a fatarsa?

Wani ƙanena mai gyaran salula a kasuwar Dole ta Damagaram ya tare ni da tambayoyi, ranar da aka kawo masa irin wayar nan da ake ninkewa kamar littafi.

Yaya, me ke sa allo ya ji taɓin yatsa?

A cikinsa akwai wani shafe siriri mai ɗaukar lantarki, wanda haske ke ratsawa. Yawanci ITO ne, haɗin indiyom da kuza da oksijin. Da nanomita ake auna kaurinsa, wato mita ɗaya a raba ta gida biliyan. Silin gashin kanka ya kai nanomita 80,000. Shafen kuwa da wuya ya wuce 200.

To me ya hana shi lanƙwasa?

Halinsa na tukunyar ƙasa ne. Ka ja shi da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, sai ya tsage, hanyar wuta ta yanke.

Na ji ana yi wa shafen wasu ƙananan siffofi don ya jure ninki. Ina suka shigo?

Nan ne daɗin zancen. Dubi zugazugin maƙeri: fatar ba roba ba ce, amma tana buɗewa tana rufewa saboda ninkin da ke jikinta. Haka ake wa shafen. A miƙe roba, a shafa mata ƙarfe, a sake ta, sai ƙarfen ya yamutse ya yi ƙananan kunyoyi kamar na gona. In an ja, kunyoyin ne ke warwarewa, ƙarfen bai karye ba. Wasu kuma sukan watsa zaren azurfa masu sirantar nanomita, su sarƙe kamar raga: wuta ta bi zare, haske ya bi ramuka.

Akwai kuma siffar da ke rage ƙyallin haske. Idon malam-buɗe-littafin dare yana da ƙananan tsiro da ba su kai tsawon zangon haske ba, wanda ke tsakanin nanomita 400 da 700, shi ya sa ba ya ƙyalli. In an kwaikwayi wannan a kan allo, ƙyallin ya ragu. Duk wanda ya taɓa kare waya da hula tsakar rana a watan Afrilu don ya karanta saƙo ya san amfaninsa.

Da me ake zana abin da ido ba ya gani?

Kamar yadda baduku ke danna ƙarfen ado a kan fata. A sassaƙa hatimi guda, a riƙa danna shi kan leda mai laushi. Stephen Chou ne ya fito da dabarar a Amurka a 1995. Ana kuma yi da hasken leza, ko a naɗa hatimin jikin abin birgima ledar na wucewa, kamar bugun atamfa. Wahalar ita ce zafi: ledar PET, irin ta gorar ruwa, ba ta jure wuta sosai.

Za ta jure ƙurar hunturunmu?

Ni dai ban saki jiki ba. A 2019 Samsung ta ɗage fitar da Galaxy Fold daga Afrilu zuwa Satumba, bayan allunan gwaji sun lalace: wani tarkace ya shiga ta mahaɗin da ake ninke wayar, wasu kuma sun ɓare ledar saman suna zaton ta kariya ce. Don haka wadda ke kan teburinka, ƙanena, kada ka sa mata farce.