Ƙarin ƙwaƙwalwa: a tambayi likita me gwajin tsokar ya nuna

Idan aka ce mutum na da ƙari a ƙwaƙwalwa, 'yan uwa kan ɗauka magana ta ƙare. Ba haka ba ne. Ƙarin iri-iri ne, wani ma ba sankara ba ne, kuma ko a cikin masu sankarar, biyu na iya yin kama da juna a madubin likita amma halinsu ya sha bamban. Bambancin yana cikin furotin da ƙwayoyin ƙarin ke ƙerawa, domin su ne ke ingiza ƙwayoyin su yi ta hayayyafa. Shi ya sa tun a 2016, sannan a 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da irin waɗannan alamomi cikin tsarin rarraba ƙarin ƙwaƙwalwa.

Ga IDH, alal misali. Ƙarin glioma (wani nau'in ƙarin ƙwaƙwalwa) da wannan furotin ya sauya a cikinsa yakan yi girma a hankali, masu shi kuma sun fi daɗewa a raye. A 2024 Amurka ta amince da maganin vorasidenib, mai toshe wannan gurɓataccen furotin. Akwai kuma furotin MGMT, mai gyara ɓarnar da maganin temozolomide ke yi wa ƙwayoyin sankara. Idan ƙarin bai ƙera shi da yawa, maganin ya fi kama shi. A wasu yara kuwa, sauyin furotin BRAF ne ke bayan ƙarin, kuma akwai magungunan sha da aka yi domin sa.

Ba zan ɓoye muku ba, hanyar da saura. Furotin EGFR ya yi yawa a glioblastoma, mafi tsananin ƙarin glioma, amma magungunan toshe shi da suka taimaka a sankarar huhu ba su yi wani tasiri a nan ba. Ƙwaƙwalwa na da shingen da ke hana magunguna da yawa shiga daga jini, ga shi ƙwayoyin ƙari ɗaya ma ba duka halinsu ɗaya ba.

Don Allah, babban mutum da farfaɗiya ta fara kama shi, ko mai ciwon kai da ke tsananta da safe tare da amai, ko raunin ɓari ɗaya na jiki, ko sauyin gani da hali, a kai shi asibiti a ɗauki hoton kai. In an yi tiyata, ku tabbatar an aika tsokar ƙarin da aka ciro zuwa ɗakin gwaji, ku karɓi sakamakon ku adana, ku tambayi likita ko an duba IDH da MGMT kafin a tsara magani.