Cricket Captain da muhawarar kama da gaskiya a wasannin jagorancin kurket

Cricket Captain jerin wasannin kwamfuta ne da ke ɗora wa mai wasa aikin kyaftin da na koci a ƙungiyar kurket. Ya fara fitowa a Birtaniya a 1998 da sunan International Cricket Captain, daga hannun Chris Child, a ƙarƙashin kamfanin Empire Interactive. Da kamfanin ya durƙushe a 2009, sai ƙaramin kamfanin Childish Things ya ci gaba da fitar da sabon bugu kusan duk shekara, a kwamfuta da kuma wayoyin hannu. Mai wasa ba ya riƙe sandar bugu, ba ya kuma jefa ƙwallo da kansa. Aikinsa zaɓen 'yan wasa goma sha ɗaya, da ƙulla kwantiragi gwargwadon kuɗin ƙungiya, da tsara atisaye, da jera masu tsaron fili, da faɗa wa kowane mai bugu ko mai jifa iyakar zafin da zai yi wasa da shi. Sauran kuma lissafin injin wasan ne ke yankewa, jifa bayan jifa.

Abin da magoya baya ke nema

Kurket wasa ne da alƙaluma suka yi wa yawa, kuma masoyansa suna haddace su. Da wuya a sami mai bin wasan a Ostareliya da bai san cewa matsakaicin makin Don Bradman, shahararren mai bugun ƙasar, a wasannin Test (karawar ƙasa da ƙasa ta kwanaki da yawa) 99.94 ne ba. Irin waɗannan mutane ne ke sayen Cricket Captain, shi ya sa ba hoto ne ma'auninsu na farko ba. Suna duba ko makin da ɗan wasa ya tara a kaka goma ya yi kama da na takwaransa na zahiri, ko filin da aka kwana huɗu ana takawa yana taimakon masu jifan murɗe kamar yadda ake gani a Indiya, ko sabuwar ƙwallo na karkata a iska a ranar hadari a Ingila.

Ƙorafin da ya fi yawa ya shafi hankalin kwamfuta a matsayin abokiyar hamayya. Kyaftin na gaske ya san lokacin da zai dakatar da bugun ƙungiyarsa don ya bar isasshen lokacin fitar da abokan karawa, ya san kuma lokacin da zai haƙura da neman nasara ya kare canjaras. Idan kwamfuta ta ci gaba da bugu a sanyaye alhali maki da yawa ake nema a jifa kaɗan, ko ta ajiye gwani a benci ba dalili, nan take mai wasa ke daina yarda da duniyar da aka gina masa. Akwai kuma batun matasan da wasan ke ƙirƙira don maye gurbin masu ritaya: bayan kaka goma sha biyar su ne ke cike ƙungiyoyi, kuma idan aka yi kuskure wajen rabon bajintarsu, sai a wayi gari kowace ƙasa cike da gwanaye, ko babu ko ɗaya. Wasu kuma na kwatanta jerin da Football Manager, wasan kwamfuta na jagorancin ƙungiyar ƙwallon ƙafa, suna neman hira da 'yan jarida da rigimar ɗakin sauya kaya, ko da yake kasuwar kurket da yawan ma'aikatan kamfanin ba su kai na can ba.

Wahalar kwaikwayon kurket

Injin guda ne ake so ya ɗauki wasan Test na kwana biyar, da na yini ɗaya mai zagaye 50, da T20 mai zagaye 20, kowane zagaye jifa shida. Mai bugun da haƙuri ya sa ya yi fice a na farko yana iya zama nauyi ga ƙungiyarsa a na ƙarshe. Sannan wasan kansa ba ya zama wuri guda. An fara T20 a Ingila a 2003, gasar IPL ta Indiya ta biyo baya a 2008 da gwanjon 'yan wasa, The Hundred mai jifa 100 ta zo a 2021. Daga 2022 kyaftin Ben Stokes da koci Brendon McCullum suka sa Ingila ta riƙa bugu da sauri a Test fiye da yadda tsofaffin alƙaluma ke nunawa, kuma a shekarar ce ta ci maki 498 a kan Holan a wasan yini ɗaya. Injin da aka daidaita da alƙaluman jiya dole ya zama a baya.

Sai dai akwai inda ƙorafin magoya baya ba ya yin adalci. Mutum zai ga ƙungiyarsa ta rushe cikin awa guda ya ce injin ya lalace, alhali a Disambar 2020 Indiya ta tashi da maki 36 kacal a birnin Adelaide na Ostareliya, ta kuma dawo ta lashe jerin wasannin da Ostareliya. A filin Headingley na Ingila a 2019 Ostareliya ta fitar da Ingila gaba ɗaya da maki 67, amma a bugu na biyu Ingila ta cimma maki 359 da take buƙata don yin nasara, Stokes ya ci 135 ba a fitar da shi ba. Da kwamfuta ce ta fitar da wannan sakamako, da yawa za su ce an yi musu coge. Saboda haka ba wasa ɗaya ake auna injin da shi ba. Ana duba ɗaruruwan wasanni a ga ko abin mamaki na faruwa jefi-jefi kamar a fili, kuma ko shawarar kyaftin, irin su sauya mai jifa ko matso da masu tsaro kusa da mai bugu, na canza sakamako ta hanyar da za a iya fahimta.

Lasisi da amincewa

Haƙƙin amfani da sunaye da tambura na hannun hukumomin ƙasashe da masu gasa, kuma yana da tsada, don haka wasu gasanni kan fito da sunan da ba nasu na hukuma ba. Matsalar ta daɗe: a wasan kwamfuta Cricket 07 na kamfanin EA Sports an sauya sunayen 'yan wasan Indiya, magoya baya suka riƙa gyarawa da kansu. Masu saye kuma sun koyi taka-tsantsan tun bayan Ashes Cricket 2013, wasan bugu da jifa da kamfanin 505 Games ya janye daga kasuwa kwanaki kaɗan bayan fitarsa saboda tarin kurakurai, ya mayar wa mutane kuɗinsu.