Waiwaye: Yadda Kyamara Ta Shiga Hannun Jaruman Wasannin Tsalle-tsalle

A farkon zamanin wasannin bidiyo na tsalle-tsalle babu wanda ya damu da maganar kyamara, wato idon da mai wasa yake kallon duniyar wasan da shi, don babu abin da za a juya. Donkey Kong na 1981 allo ɗaya ne a tsaye: ga gwaggon biri a sama yana gangaro da ganguna, ga ɗan mutum a ƙasa yana hawan tsani, komai a gaban ido. Da Super Mario Bros. ya fito a 1985, sai allon ya fara tafiya, amma dama kawai yake yi. Abin da ya wuce ta hagu ya wuce ke nan, ko da naman kazan ƙarin ƙarfi ne ya kuɓuce maka. A cikin wannan wasan ne wani kunkuru mai suna Lakitu ya fara bayyana, yana zaune a kan gajimare yana jefo ƙwai masu ƙaya. Abokin gaba ne, kuma mai ban haushi. A riƙe sunansa.

Wahalar ta taso ne lokacin da wasanni suka samu zurfi, aka koma abin da ake kira 3D. Tsalle lissafin tazara ne. Idan kana kallo daga gefe, idonka yana auna nisan rami ba tare da ka yi tunani ba. Amma da zarar jarumi zai iya gudu gaba da baya da kowace kusurwa, dole wani ya yanke shawarar inda idon mai wasa zai tsaya, kuma idan ya tsaya a mugun wuri, ka faɗa rami ba da laifinka ba.

Kamfanin Nintendo ya fitar da Super Mario 64 a Japan ranar 23 ga Yunin 1996, ƙarƙashin jagorancin Shigeru Miyamoto, kuma dabarar da suka yi ta cancanci a tsaya a kanta. Sun san yawancin masu saye ba su taɓa juya ido a cikin wasa ba, kuma bayani a takarda ba zai shiga ba. Sai suka ɗauko Lakitu, wanda tun a Super Mario Kart na 1992 ya tuba ya koma mai ba da alamar fara tsere da tsamo waɗanda suka faɗa ruwa, suka rataya masa kyamara a bakin sandar fatsa, suka ce ɗan jarida ne da ke bin Mario yana ɗauko rahoto kai tsaye. Tun kafin Mario ya fito daga bututu ana nuna shi yana shawagi a kan fadar gimbiya. Daga nan duk abin da kake gani, ta cikin kyamararsa kake gani. Hannun na'urar Nintendo 64 yana da madannai huɗu rawaya masu harafin C: na hagu da na dama suna zagaya da Lakitu, na ƙasa ya ja shi baya, na sama ya matso da shi har kusa da ƙeyar Mario. Idan ka matsa masa ya juya inda bango ya tare, sai ka ji wata 'yar ƙara ta ƙin yarda. A jerin sunayen waɗanda suka yi wasan har akwai mutum guda, Takumi Kawagoe, da aikinsa shi ne tsara kyamarar. Kuma akwai wani ɗaki mai babban madubi a saman fadar, inda idan ka duba za ka hango Lakitu a bayan Mario da fatsarsa, yana aikinsa.

Ba a ce kyamarar ta yi daɗi ba. Tana maƙalewa a lungu, tana juyawa daidai lokacin da kake kan siririyar gada. Sai dai ta koya wa mutane cewa ido abu ne da ake sarrafawa. A shekarar dai, kamfanin Naughty Dog ya bi wata hanyar a Crash Bandicoot na PlayStation: ya ɗaure kyamara a kan turba ɗaya, ya hana mai wasa taɓa ta, har wani lokaci ya sa Crash ya riƙa gudu yana fuskantar mai kallo, ƙaton dutse na mirginowa a bayansa.

Duk wannan kyamarar kallo ce. Ta ɗaukar hoto, wadda jarumi zai riƙe a matsayin kayan aiki, daga wani gefen ta zo. Tun 1992 kamfanin Irem ya fitar da Gekibo a na'urar PC Engine, inda wani matashi yake tafiya a titi yana kauce wa abubuwan da ke faɗowa yana ɗaukar hotunan abubuwan mamaki, amma bai yi nisa a wajen Japan ba. Guguwar gaske ta taso ne a ƙarshen shekarun 1990. A 1998 aka fara sayar da Game Boy Camera, 'yar kyamarar da ake cusawa a na'urar hannu, mai ɗaukar hoto cikin launin toka kala huɗu kacal. A 1999 Pokémon Snap ya fito, wasan da babu faɗa a cikinsa sam, sai ɗaukar hotunan halittu 63 da wani farfesa yake ba su maki. A Amurka har shagunan hayar fina-finai na Blockbuster ake zuwa a buga hotunan a takarda mai manne.

A watan Nuwamba na 1999 ne kamfanin Rare na Ingila ya saki Donkey Kong 64, kuma a nan ne kyamara ta zama kayan aiki sosai a babban wasan tsalle. Labarin shi ne zuwan Sarki K. Rool, kada mai kambi, ya firgita wasu ƙananan aljanu masu fukafukai da ake kira aljanun ayaba, suka watse. Shugabarsu tana zaune tana kuka a wani ƙaramin tsibiri, kuma a cikin birai biyar ɗin da ake wasa da su, Tiny Kong ce kaɗai za ta iya ƙanƙance jikinta ta shiga ta ƙaramar ƙofar wurin. Can ake ba ta kyamara. Aljanun 20 ne: biyu-biyu a matakai takwas, huɗu a tsibiran da ke haɗa matakan. Ba a kama su da hannu, ba a harbinsu. Ɗaukar hoton shi ne kamun.

Abin da ya sa wannan kyamarar ta bambanta shi ne fim. Kowane danni yana cin ɗaya, ko ka dace ko ba ka dace ba, kuma idan ya ƙare sai ka koma yawon nema. Aljanar ba ta tsayawa, kai kuma da ka ɗaga kyamara ƙafarka ta kafe a wuri ɗaya. Wanda ya ga zamanin masu hoto na ranar Sallah, da fim mai ɗaukar 36 a ciki, ya san yadda mutum yake riƙe numfashi kafin ya danna. A wasan da komai gudu ne da duka da tsalle, nan ne kaɗai aka ce ka tsaya, ka karanci yadda abu yake shawagi, ka jira. Ladan ma ba na wasa ba ne. Hotunan suna ƙara yawan kayan da za ka iya ɗauka, suna buɗe abubuwan da aka ɓoye kamar sake kallon bidiyoyin labarin da sake karawa da manyan abokan gaba, kuma wanda ya cika 20 ɗin ne yake samun ayabar zinariya ta 201 (ayabar zinariya ita ce babban abin da ake tarawa a wasan), wadda ba a kammala wasan gaba ɗaya, wato kashi 101 cikin ɗari a lissafinsa, sai da ita.

A ganina wannan ita ce dabara mafi kyau a wasan, amma an binne ta. Rare sun cika duniyar da tarkacen tarawa: ayaba kala biyar, kowane biri da kalarsa, tsabar kuɗi, kwakwar lu'ulu'u, makullai, kambuna, taswirori. Kundin bajinta na Guinness ya lissafa abubuwa 3,821. A cikin wannan tulin, aljanun sun zama layi ɗaya a jerin abin da ya rage maka, shi ya sa idan ana tuna wasan, waƙar buɗewarsa da gajiyar sauya birai ake ambata kafin kyamarar.

Wasu nau'o'in wasannin ne suka ɗauki dabarar suka raine ta. Majora's Mask na jerin Zelda, a 2000, ya ba jaruminsa Link akwatin hoto mai riƙe hoto ɗaya tak. The Wind Waker, shi ma na Zelda, ya kai shi uku, ya kuma sa wani masassaƙi yana mayar da hotunan gumaka. Michel Ancel, Bafaranshen da ya ƙirƙiro Rayman, ya wuce nan a Beyond Good & Evil na 2003: jarumarsa Jade 'yar jarida ce, da hotunan dabbobi take samun kuɗi, da hoto kuma take tona asirin masu mulki.

Shi kuwa Lakitu, sandar analog ta biyu, 'yar sandar da ake juyawa da babban yatsa a hannun na'ura, ita ce ta karɓe masa aiki. Bayan Sony ya fitar da hannun DualShock a 1997, a hankali babban yatsan dama ya zama mai juya ido, kuma a Super Mario Sunshine na 2002 ba a ƙara buƙatar wani ɗan jarida ya yi bayani ba. Daga baya PlayStation 4 ya zo da madannin yaɗa hoto a 2013, Switch ya zo da nasa na ɗauka a 2017. A Super Mario Odyssey na 2017, danni ɗaya yake daskarar da duniya gaba ɗaya, Mario na tsakiyar iska, ka zagaya shi, ka sauya launi, ka karkata hoton ya dace da fuskar waya, ka ɗauka sau ɗari idan ka ga dama. Hotunan sun fi na 1999 kyau nesa ba kusa ba, amma ba don wasan ake ɗaukarsu ba, don mutanen intanet ne. Babu fim da zai ƙare, babu abin da zai tsere, kuma babu wani a cikin labarin da yake jiran hoton.

Rigimar kyamarar kallo ma ba ta mutu ba. Da Nintendo ya sake fitar da Super Mario 64 da Sunshine da Galaxy a kunshi ɗaya a Satumbar 2020, tsofaffin 'yan wasa sun yi ta ƙorafi cewa an sauya musu ɓangaren da ido yake juyawa, hannunsu kuma ya riga ya saba da na da. A watan Nuwamba kamfanin ya tura gyara ta intanet, ya ƙara zaɓin juya kyamarar yadda kowa yake so.