Waiwaye: Ƙarancin magada a fadar Japan ba yau ya fara ba

Duk wanda ke bin labaran Japan ya san ana ta ka-ce-na-ce kan ko Gimbiya Aiko za ta iya gadon mahaifinta Sarki Naruhito, tunda doka ta ce sai namiji, kuma a cikin samarin gidan Yarima Hisahito, ɗan ƙanin sarkin, ne kaɗai, wanda aka haifa a 2006. Wasu gani suke kamar kwatsam abin ya faɗo, alhali ya daɗe yana tafe.

Mata takwas sun taɓa hawa karagar nan, tun daga Suiko har Go-Sakuramachi da ta sauka a 1771. Dokar 1889 ce ta rufe ƙofar.

Amma ni inda na fi so a tsaya a duba shi ne 1710. Lokacin mulki na hannun shogun, wato sarkin yaƙi, a Edo, Tokyo ta yanzu, shi kuma sarki yana Kyoto da sarautar suna, abin da ake ware wa fadarsa bai wuce koku 30,000 na shinkafa ba (koku ma'aunin shinkafa ne), alhali mai ƙasar Kaga shi kaɗai yana da miliyan guda. To da me za a gina wa kowane ɗan sarki gida a yi masa aure? Sai ya zama ɗaya ake ajiyewa don gado, sauran a aske musu kai a kai su gidajen bautar Buddha, ba aure ba haihuwa, yara ƙanana fa, abin tausayi wallahi. Wani malami Arai Hakuseki ya hango inda za a kwana, ya ba da shawara aka kafa sabon reshe na gidan sarauta mai suna Kan'in.

Bayan shekara 69 Sarki Go-Momozono ya rasu yana matashi, jaririya mace kaɗai ya bari. Daga wannan reshen aka ɗauko yaro ɗan shekara takwas, shi ma da gidan bauta za a kai shi, aka naɗa shi Sarki Kokaku, daga baya aka aura masa yarinyar. Sarkin yanzu daga tsatsonsa ya fito.

Rassa da ƙwaraƙwarai su ne suka riƙe gidan, shi kansa Sarki Meiji ɗan ƙwarƙwara ne, haka ɗansa Taisho. An daina ajiye ƙwaraƙwarai, sannan a 1947 rassa 11, mutum 51, suka fita daga gidan sarauta suka koma talakawa. Yanzu nauyin duka yana wuyan yaro ɗaya da bai ma yi aure ba.