Waiwaye: Yadda Gandun Dajin Lekki Ya Tsira A Tsakiyar Gine-gine

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a unguwannin Obalende ko Ajah na Legas zai iya tuna lokacin da mafi yawan yankin Lekki yake fadama da kurmi, kafin a cike ƙasar da yashi a kafa gidaje. Kaɗan daga abin da ya saura na wannan kurmi shi ne gandun daji mai faɗin hekta 78 da ke bakin babbar hanyar Lekki zuwa Epe, wanda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, wato NCF, ta kafa a 1990.

Keɓe daji a ƙasar nan ya girmi wannan gandu nesa ba kusa ba. Turawan mulkin mallaka ne suka fara, kuma katako ne a gabansu, shi ya sa gandayen farko irin na Olokemeji a Kudu maso Yamma aka zaɓe su saboda itatuwansu. A 1956 aka keɓe Yankari domin namun dajinsa, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Tafkin Kainji ya zama gandun ƙasa na farko a 1979, sannan dokar soja ta 1991 ta ƙara wasu, ciki har da Gashaka-Gumti.

Waɗannan duka wurare ne masu faɗi, nesa da manyan birane, amma zaɓen Lekki ya bi wani ma'auni dabam. Gidauniyar, wadda Cif Shafi Lawal Edu, attajiri ɗan Epe, ya assasa a 1980, ta nemi ceto wani yanki na dajin fadamar gaɓar teku tun kafin birni ya cinye shi, kamfanin Chevron kuma ya ɗauki nauyin aikin. A yau birai da kadoji da kunkuru da tsuntsaye suna rayuwa a ciki, masu ziyara kuma suna bin gadar igiya mai tsawon mita 401 da aka buɗe a 2015.

Sai dai abin damuwa shi ne gandun ya zama tamkar tsibiri, domin gidaje da tituna sun kewaye shi, dabbobinsa ba su da hanyar ƙetarawa zuwa wani daji, cike fadamun maƙwabta kuma yana sauya yadda ruwa ke kwanciya a ciki. Matatar man Ɗangote da tashar jiragen ruwa ta Lekki, wadda aka ƙaddamar a 2023, suna ƙara jan gine-gine zuwa Ibeju-Lekki da Epe, inda sauran fadamun suke. A ganina, can ne ya kamata a keɓe sabon gandu yanzu, mai haɗe da bakin ruwa, tun motocin yashi ba su kai gare shi ba.